Sukur: masu zuwa kallo da masu kwana a kan dutsen

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Waɗanda suka ce in ba da labarin Sukur idan na dawo, ga shi nan, sai ku yi haƙuri da tsawonsa.

Sukur ƙauye ne a kan duwatsun Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, daf da iyakar Kamaru. Daga Yola muka bi ta Song, Gombi, Hong, Mararrabar Mubi, Uba da Michika, a wajajen Gulak muka ratse gabas. A gindin dutse muka bar mota, daga nan kowa da ƙafarsa.

Hanyar ce ta fara kama ni. Fala-falan duwatsu ne aka shimfiɗa, ba siminti ba laka, inda hawan ya yi tsanani a yi matakala, inda ruwa ke gangarowa a bar masa mafita. Tsakiyar wasu duwatsun har ta yi santsi tana ƙyalli saboda sawun mutane. Mun tsaya shan iska sai ga wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata ce, da buhu bisa gammo da galan a hannu. Ta yi mana sannu da hanya ta wuce, ko tsayawa ba ta yi ba.

Can sama tsayin wurin ya kai mita 1,045 daga matakin teku. Manyan duwatsu curi-curi sun hau kan juna, gidaje sun shige tsakaninsu, daga nesa ba ka raba katangar mutum da dutsen Allah. Ɗakuna zagayayyu da jinka, rumbuna a cikin gida, ƙofa ƙarama sai ka sunkuya. Gonaki kuwa hawa-hawa suke a jikin dutsen kamar matakalar bene, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasa. Dawa, gero, wake, gyaɗa, duk suna yi. An nuna mini inda ake turke sa: rami ne aka gina da dutse a cikin gida, san yana ciki ana kai masa ci da sha har ya yi ƙiba, takinsa kuma a kwashe a kai gona. Mun je fadar Hidi, sarkin garin, ita ma duk dutse ce, da ƙofofi na dogayen duwatsu a tsaye.

Gani ya kori ji. Amma tunda na sauko dattijuwar nan ke raina. Mu mun hau mun ɗauki hoto muna Masha Allah, ita kuwa wannan hawan shi ne zuwa kasuwarta. Shin daidai ne mu riƙa fatan su ci gaba da zama a can don mu samu wurin zuwa? Ina son jin ta bakinku.

Maman Walida:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, ni wallahi ban taɓa jin sunan wurin ba, kuma a Najeriya yake. Hotunan nan ka ce wata ƙasa.

Injiniya Na Kabuga:
Sannu da dawowa Baban Ilham. Ni amsata gajeruwa ce: a sauko da su. Tsoro ne ya hau da kakanninsu, tsoron hari da bauta. Yanzu an wuce wannan zamanin. A yanka musu fili a ƙasa, a yi rijiyar burtsatse da makaranta da asibiti, a bar saman ya zama wurin tarihi a sa mai gadi. Kuɗin da za a kashe a kai wa gida ɗaya ruwa a kan dutse zai shayar da unguwa guda a ƙasa.

Tsohon Malamin Tarihi:
Injiniya, ɗana, rabin labarin ka kawo. Dutse mafaka ne, babu musu. Amma mutanen Sukur ba 'yan gudun hijira ba ne da suka laɓe a kogo. Masu arziki ne, kuma ƙarfe ne arzikinsu.

Bayan an yi ruwa, ƙoramun dutsen kan tara wani baƙin yashi mai nauyi, tama ce. Mata su tara su wanke, maza su ƙona gawayi, da rani a hura wuta da zugazugi a narka. A wurare da yawa narka tama aikin maƙera ne su kaɗai, amma a Sukur har manoma na yi. Ƙarfen da suke fitarwa ya fi ƙarfin bukatarsu nesa ba kusa ba, don haka fatake ke zuwa daga ƙasar Borno da sauran wurare su saya, su kuma su samu hatsi da kifi da tufafi. Bature Heinrich Barth da ya bi ta yammacin duwatsun a 1851, kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, bai hau ba, amma ya ji labarin ƙarfin sarkin wurin har ya rubuta. Wanda ke ɓuya ba ya shimfiɗa hanya mai faɗi zuwa ƙofar gidansa. Hanyar da Baban Ilham ya bi ta mutanen da ke son a zo musu ciniki ce.

Abin da ya karya sana'ar kuwa ba yaƙi ba ne, ƙarfen waje ne. Da tarkacen tsofaffin motoci ya cika kasuwa, maƙeri ya ga ya fi masa sauƙi ya sayi wannan ya ƙera fartanya. Zuwa wajen 1960 wutar ta mutu.

Kuma kai da kake Kano, ka tuna tama ce ta zaunar da mutane a gindin Dala tun kafin Bagauda. Mu ma 'yan dutse ne a asali.

Injiniya Na Kabuga:
Na gode Baba, na ƙaru. Sai dai maganarka ta ƙara mini hujja. Ƙarfe ya riƙe su, ƙarfe ya ƙare. Mutanen Dala ma ai ba su dawwama a jikin dutse ba, sun bazu sun yi birni.

Bazamfare:
Mu ma a Kwatarkwashi tsofaffi na nuna kufai a kan dutse su ce nan aka fara zama. An sauko, kuma ba wanda ya ce a koma. Amma ba gwamnati ce ta kwaso su a mota ba, da kansu suka ga dama.

Nas Daga Michika:
Ku bar ni in sa baki, don ni abin da nake gani a wurin aiki daban ne da abin da ke cikin hoto. Daga ƙauyukan kan duwatsun nan, ba Sukur kaɗai ba, ana kawo mana mace naƙuda ta gardama, an ɗauko ta a kan gadon kara maza huɗu suna karɓa-karɓa, sai an sauko gindin dutse a samu babur. Kafin ta iso jini ya ƙare. Saran maciji haka, yaro mai sanƙarau haka. Duk wanda zai ce a bar su yadda suke don al'ada, ya fara zuwa ya riƙe ƙafar gadon nan sau ɗaya tukuna.

Ban ce a tashe su ba. Na ce kada kyan wuri ya rufe mana ido.

Maman Walida:
Innalillahi. Anti Nas, Allah Ya saka muku. Wannan kam ba a ganinsa a hoto.

Ɗan Sakun:
Salamu alaikum. Wani abokina ya turo mini wannan muhawara ya ce ana maganar garinku. A can aka haife ni, ina aiki a Mubi, mahaifiyata da ƙannen babana suna sama har yanzu. Na karanta duka, kuma na ji daɗi da ba wanda ya zage mu.

Yallaɓai Injiniya, saukowa ba sabon abu ba ne a wurinmu. Akwai Sukur Sama akwai Sukur Ƙasa, dangi ɗaya ne, da yawa sun sauka tun tuni don gona da makaranta da kasuwa. Wanda ya rage a sama ya san hanyar ƙasa sarai, yana da 'yan'uwa a can, ya zaɓi zama ne. Mahaifiyata na ce mata ta zo Mubi ta huta, ta zo ta yi ɗan lokaci ta ce zafi da sauro da sayen itace sun ishe ta, ta koma.

Sannan maganar a bar saman a sa mai gadi, a nan ne ba ku gane ba. Jeren duwatsun gonar nan ba gini ba ne da ake yi sau ɗaya. Kowace damina ruwa sai ya ture wani wuri. Kafin shuka mai gona zai bi hawa-hawa yana mayar da dutsen da ya faɗi, yana kwaso ƙasar da ta gangara a kwando yana maido ta. Jinka sai an sake ta, hanya sai an fito gayya an gyara. In mutane suka tashi, damina kaɗan za a yi ƙasar ta zube ƙorama, ciyawa ta cinye sauran. Mai gadi zai yi gadin kufai ne. Abin da Baban Ilham ya gani ya yaba, hannun dattijuwar da ta wuce shi ne ke riƙe da shi.

Anti Nas kuwa gaskiya ta faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina na riƙe ƙafar gadon.

Baban Ilham:
Ɗan'uwa, marhabin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To ku me kuke so? Don tambayata ke nan tun farko, kuma kai ne ka fi mu cancantar amsawa.

Ɗan Sakun:
Zan amsa, amma bari in ga an gama da maganar tarihi, don na ga wani yana rubutu.

Modibbo Girei:
Ni ne. Na lura duk lokacin da aka yi maganar duwatsun nan sai a ce "hari da bauta", kuma kowa ya san wa ake nufi. Ina roƙon a yi adalci. Zamani ne da kowa ke kai wa kowa hari, Borno ta yi, masarautar Mandara ta yi, su kansu mutanen dutse suna kama juna. Kada a ɗora wa Fulani kaɗai.

Tsohon Malamin Tarihi:
Modibbo, Allah Ya gafarta malam, gaskiya ne ba Fulani kaɗai ba, kuma ba wanda zai kama jikan yau da laifin kaka. Amma adalcin da ka nema ya haɗa da faɗin abin da ya faru da sunansa. Hamman Yaji, basaraken Fulani, ya riƙe Madagali daga 1902, zamanin Jamusawa, har Turawan Ingila suka tuɓe shi a 1927. Daga 1912 zuwa 1927 yana sa ana rubuta masa abubuwan da yake yi yau da gobe, kuma rubutun yana nan. A ciki shi da bakinsa yake lissafa hare-haren da ya tura ƙauyukan dutse, har da Sukur, da bayin da aka kamo da shanun da aka koro. Ba maƙiyinsa ne ya rubuta ba. Kuma bindiga ce ta ba shi galaba, don dutsen da ya gagari doki bai gagari harsashi ba.

Wannan ba tarihin da can ba ne, kakannin mutanen da ke raye ne. Idan muka je garinsu baƙunci, mu Hausa da Fulani, ya kamata mu san da wannan a ranmu, mu shiga da ladabi.

Modibbo Girei:
Ban musa rubutun ba Malam. Abin da nake gudu a mayar da shi makamin siyasar yau.

Ɗan Sakun:
Baffa Modibbo, ka kwantar da hankalinka. Muna cin kasuwa ɗaya da Fulani, akwai auratayya, cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista akwai masu bin na gargajiya, wani lokaci a gida ɗaya. Amma ba mu manta ba. Da 'yan Boko Haram suka kama Madagali da Gulak da Michika a 2014, suka shiga Mubi a watan Oktoba, sannan suka hau mana a watan Disamba suka ƙona gidaje da rumbuna suka taɓa har fada, tsofaffinmu cewa suka yi zamanin Hamman Yaji ne ya dawo. Ba su da wani abin da za su kwatanta shi da shi.

Kuma Yallaɓai Injiniya, ka ce zamanin tsoro ya wuce. A waccan shekarar ta 2014 mutanen ƙasa da yawa dutse suka hau suka tsira, don mai babur da mota ba ya bin ka cikin kogo. Wanda ya ga haka da idonsa, da wuya ka ce masa ya rabu da dutse gaba ɗaya.

Injiniya Na Kabuga:
Allah Ya jiƙan waɗanda aka rasa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. To in ba za a sauko ba, a kai musu titi. A fasa dutse a yi kwalta har ƙofar fada. Ana yin wanda ya fi wannan wuya a duniya.

Tsohon Malamin Tarihi:
A nan za ka yi karo da UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu. A 1999 aka sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya, sai a 2005 dajin Osun na Osogbo ya biyo baya. Hanyar dutsen da gonakin da fadar su ne dalilin sa shi. Ka bi ta kansu da katafila, ka rushe abin da ya sa duniya ta san wurin.

Nas Daga Michika:
To Baba, takardar UNESCO ta taɓa ɗaukar mai naƙuda? Tun 1999 ake alfahari da sunan. Ni ina ganin wanda ya ce kada a taɓa, shi ya kamata ya biya kuɗin rashin taɓawar.

Baban Ilham:
Anti Nas, nan nake tsaye ni ma. Idan mu 'yan Najeriya muna son wurin ya zauna yadda yake, kuma ni ina so ƙwarai, to bashi ne a kanmu. Ba zai yiwu mu ci daɗin suna su kuma su ci wahalar hawa ba.

Ɗan Marwa:
Gaisuwa daga Kamaru. Ku zo ku ga Rumsiki a ɓangarenmu, duwatsun Mandara ɗin ne dai, bayan Mokolo. Can akwai dogayen duwatsu a tsaye su kaɗai, ragowar tsohon aman wuta, Turawa sun daɗe suna zuwa kallonsu. Mutanen Kapsiki ne, 'yan'uwan Kamwe na Michika. Mota na zuwa, an yi masauki, samari da yawa suka bar gona suka koma rakiyar baƙi, yara na bin Bature suna roƙon kyauta, har mai duba da ƙaguwa ya zama abin kallo na kuɗi. Da aka sace iyalin Faransawan nan bakwai a kusa da Waza a watan Fabrairun 2013, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wanda ya riƙe gonarsa ya ci abinci, wanda ya dogara da baƙo ya shiga uku. Don haka masu cewa yawon buɗe ido zai ciyar da Sukur su yi hattara.

Ummu Hafsa:
Tambaya nake da ita, ba don ɓata wa kowa rai ba. Na ji an ce akwai wuraren tsafi a Sukur. Ya halatta Musulmi ya je?

Modibbo Girei:
Malama, Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Zuwa ganin gari da aikin mutanensa ba shiga ibadarsu ba ne. Ki yi sallarki, kada ki taɓa abin da ba naki ba, kada kuma ki wulaƙanta shi.

Ɗan Sakun:
Haka ne. Ba wanda zai sa ki yin abin da addininki ya hana, kuma za a nuna miki inda za ki yi alwala. Akwai wuraren da ko mu ba ma shiga, ɗan rakiya zai faɗa miki.

Yanzu amsar Baban Ilham. Ra'ayina ne, ban ce na gari duka ba, don samarinmu da yawa suna tare da Injiniya, titi suke so ko ta halin ƙaƙa.

Ni ba na son a taɓa tsohuwar hanya. Amma dutse ba fuska ɗaya gare shi ba. Masana irin su Injiniya su zo su zauna da Hidi da dattawa da hukumar kula da kayan tarihi, a duba ta inda za a bi da 'yar hanyar da babur ko motar asibiti za ta matso kusa ba tare da an ci gona ko makabarta ba. Na biyu, ma'aikacin lafiya da ungozoma masu kwana a sama, 'ya'yan garin a horar da su, don baƙo da an turo shi yake fara neman canji. Na uku ruwa. Daga watan Maris zuwa saukar damina mata kan kashe safiya guda a bakin rijiya suna jiran ta tara. Na huɗu, masu gyaran katanga da hanya a riƙa biyansu, don aikin ƙasa suke yi. A 2018 wata ƙungiyar duniya mai kula da gine-ginen tarihi ta sa Sukur cikin jerin wuraren da ke bukatar ɗauki saboda ɓarnar 2014, amma kafin kowa ya zo mutane da hannunsu suka mayar da jinkar ɗakunansu.

Su kuma masu zuwa: a fara da gaisuwa a fada. Kada a ɗauki hoton mace ko tsoho sai an tambaya. Abin da aka yi wa mutanen Koma, wasu mazauna duwatsu a Adamawa, a 1986, aka yi ta buga hotunansu a jaridu ana cewa an gano wasu mutane, ba ma son irinsa. Kada a raba wa yara kuɗi a hanya, a ɗauki ɗan rakiya a biya shi hakkinsa, a sayi gyaɗa ko tukunya a hannun mata. Ledar ruwan da ka hau da ita ka sauko da abarka.

Injiniya Na Kabuga:
Hanya ta bayan dutse mai yiwuwa ce, amma ina faɗa maka tun yanzu, inda babur ya shiga kwano da bulo za su bi shi. Nan da shekara ashirin jinkar nan sai a hoto. Ni hakan bai dame ni ba, ku ne za ku zaɓa.

Ɗan Sakun:
Na sani, kuma shi ne abin da ke raba kanmu a gida. Kwano ya riga ya fara hawa a kan mutane ma, ba sai da babur ba. Ba zan iya ce wa ƙanin babana ya ci gaba da yankan ciyawa duk shekara don baƙo ya ji daɗin hoto ba. In ana son jinka, a taimaka masa da kuɗin ciyawa da na masu baibaya.

Maman Walida:
To yanzu lafiya lau ne a je? Ina so in kai yarana su gani.

Baban Ilham:
Hajiya, kada ki tashi kai tsaye. Yankin Madagali ya samu sauƙi sosai amma har yanzu akan kai hari jefi-jefi. Ki samu ɗan gari ya tambayo miki halin da ake ciki a makon da za ki tafi, a sanar da jami'an tsaro, a yi tafiyar da rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, an yi girbi, ga sanyi, dutse ba santsi. A fara hawa da sassafe, da takalmi mai kama ƙasa da ruwa isasshe. Ƙananan yara a bar su a gida tukuna.

Kuma ina da shawara ga zaure. Mu da muka yi ta magana, mu haɗa wani abu mana.

Nas Daga Michika:
In za a yi, kayan karɓar haihuwa da gadon ɗaukar marar lafiya mai naɗewa, marar nauyi, sun fi komai. Zan iya rubuto abin da ake bukata da farashinsa.

Injiniya Na Kabuga:
Ni zan je in duba maganar ruwa da kuɗina, in dai za a samu mai kai ni.

Ɗan Sakun:
Na gode muku ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Amma kada a tara ko sisi tukuna. Zan hau gida ƙarshen wata, in kai maganar gaban dattawa da shugabar mata, su faɗi abin da suka fi so a fara da shi, sai in dawo muku da amsa a nan. Yallaɓai Injiniya, kai kuma ka shirya zuwa cikin Afrilu, lokacin da rijiyoyin suka ja baya, don a nan ne za ka ga ainihin matsalar.